Baƙin Mai a Motar Baba

Tun da Malam ya rasu babu wanda ya ƙara cewa "wanga ƙaramin abu na" a gidanmu. Yanzu in katanga ta tsage, magini ake kira ya gyara ya tafi. Da Malam yana nan, sai ya gyara katangar da kansa, sannan a gyara abin da gyaran ya ɓata, sannan in zagaya in ba maƙwabta haƙuri.

Mutanen Wurno Yari suke ce masa. Ni Bara'atu, matarsa, ban taɓa kiran sunan nan ba sai yau da na rubuta shi. Manomi ne, shinkafa da tafarnuwa yake yi a fadama. Amma ya taɓa raka albasa Ikko a bayan tirela sau ɗaya, kuma tun daga wannan tafiya babu wani abu mai taya da bai sani ba.

Shekarar da mahaifina, Malam Almustapha na Rabah, ya samu kujerar Makka, ba jirgi ne ya dame shi ba, motarsa ce. Ƙaramar mota ce ruwan toka, kujerunta na yadi mai launin madara. Ko jikokinsa ba sa zama a kai sai an duba ƙafafunsu. Yayyena maza duk suna nesa, ba wanda zai riƙa tayar da ita. Sai maigidana ya tafi Rabah, ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya roƙi a ba shi amanarta.

Baba ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ce, "Ban da albasa. Ban da awaki. Ban da taki."

"Baba, ko ƙuda sai ya yi sallama kahin shi shiga."

"Ran da jirginmu ya sauka Sakkwato, da ita za ka ɗauko ni."

Haka motar ta zo ƙofar gidanmu. Farkon zuwanta lafiya lau. Kullum da safe Malam ya goge ta, ya tayar, ya saurari injin yana gyaɗa kai, ya kashe.

Da noman rani ya ƙare, masu injin ban-ruwa sunka fara juye tsohon baƙin mai kafin su ajiye injinansu. A wajenmu ba a zubar da shi, azara da ƙyaure ake shafa wa saboda gara. Malam ya ce in ya tattaro na abokansa na Goronyo, zai shafe rufin gidanmu gaba ɗaya, abin da ya rage ya yi wa masallacin unguwa sadaka. Na ce to ya hau babur.

"Babur? Ga mota ƙohwar gida?"

"Baba ya kafa sharaɗi."

"Albasa yac ce, da awaki, da taki. Kin ji ya ambaci mai? Mota da mai ai 'yan ɗaki ɗaya na."

Jarkar da ya tafi da ita ba ta da murfi. Da ta cika ya toshe bakinta da totuwar masara. Bai sa ta a but ba, wai a can ba ya ganin ta. Kujerar baya ya aza ta, ɓangaren dama, daidai inda Baba ke zama, don ya riƙa duba ta a madubi. Ya kuwa duba ta. A madubin ya ga totuwar ta yi sama lokacin da ya faɗa wani rami a hanyar dawowa, a madubin kuma ya ga jarkar ta kwanta a hankali kamar mai jin barci.

Ranar da ya dawo da ita, ranar anka yi waya daga Makka cewa jirgin su Baba na cikin satin.

Na leƙa motar. Mazaunin kujerar ya sha, jinginar ta sha, wanda bai samu wuri ba ya gangara ya taru a wurin sa ƙafa. Na ce ya kai ta Sakkwato wurin masu wankin mota tun da sauran lokaci.

"Sakkwato? Wani ɗan Rabah shi gan ta, labari shi riga ni isa? Wanga ƙaramin abu na. Ɗebo min dusa."

"Dusa ta mi?"

"Ikko haka suka yi. Dusa ta shanye mai, a share, an gama."

Ya juye buhun dusarmu duka a kan kujerar, ya baza da hannu, ya buɗe ƙofofin motar wai ta sha iska, ya tafi sallar azahar.

Ina tsakar gida na ji hon. Ba irin wanda ake dannawa a saki ba, dogo ne wanda ba ya numfashi. Na yafa mayafi na fito. Awakin maƙwabciyarmu Turai sun cika motar. Sun cinye dusar, da ta ƙare sun fara da yadin kujerar. Bunsurun bai samu wuri a baya ba, ya haye gaba ya kafa ƙafafunsa a kan sitiyari. Masallata sunka fito da gudu, Malam a gaba, takalmi ɗaya a ƙafa.

Turai ta iso tana gyara ɗaurin zane. Ta kama wata akuya ta duba bakinta.

"Yari! Mi kab ba bisashena? Dibi bakinsu awa sun sha tawada!"

"Bisashenki sun shiga motar mutane ba izini, ke kuma ka hwaɗa?"

"Kai ka aza musu abinci, ka buɗe ƙohwa ta ko'ina. So kake su tsaya su yi sallama?"

Mode mai shayi, taubashin Malam ne, teburinsa yana kallon ƙofar gidanmu. Bai tashi daga bencinsa ba. Ya ce, "Direba, bar bunsurun nan shi ɗauko Alhaji. Ya hi ka sanin hon."

Da anka kore awakin na matsa kusa da Malam na ce, "Ban da awaki."

"Ɗauka yac ce. Waɗanga da ƙahwarsu sunka shiga."

Washegari ya ce mai shi ke kashe mai. Ya sayo fetur a kwalba, ya tuttula a kan kujerar, ya karɓi tsohon zanena ya hau gurza. Baƙin da ke gefe ɗaya ya narke ya bi ko'ina. Kafin hantsi kujerar gaba ɗaya ta koma launin gindin tukunya. Malam ya ja da baya ya kalle ta.

"Kin gani? Launi ya daidaita."

Ranar ba a hura wuta a layinmu ba. Mai ƙosai ta kwashe kaskonta ta koma bayan masallaci. Mode ya ɗauki risho ɗinsa a ka, da zai wuce ya tsaya ya ce, "Yari, in lokacin tashinmu sama ya yi ka hwaɗa muna, mu yi bankwana da iyali." Mu kuma fura munka sha dare da rana.

Saura wari. Malam ya ce albasa tana shanye kowane irin wari, tafarnuwa kuma ta ƙarasa abin da ya rage. Ya zauna a zaure ya yayyanka albasa kwando guda, ya sa na daka masa tafarnuwar da munka ajiye ta iri. Ya baza su a kujera da ƙarƙashinta, ya ɗage gilasai, ya kulle motar a cikin rana.

Na ce, "Ban da albasa."

"Wagga ba kaya ba ta, magani ta."

Da la'asar ya tara mutane ya buɗe. Na gaba sunka ja da baya sunka taka na baya. Malam da kansa hawaye yake yi, amma ya ce na murna ne, alama ce magani ya kama. Mode ya toshe hanci da hularsa ya leƙa.

"Gishiri da tattasai kaɗai sunka rage. Kawo bunsurun Turai mu rufe da shi, a kira mutane walima."

A daren anka sake waya cewa jirgi jibi ne. Malam bai ci tuwo ba. Da asuba ya ce ya gane inda kuskuren yake: ƙananan dabaru yake ta yi wa babban aiki. Ruwa ake so mai ƙarfi, kuma duk Wurno ba wanda ya kai shi ruwa mai ƙarfi.

Ya tuƙa motar zuwa fadama, ya tsayar da ita a bakin gulbi kusa da gonarsa. Ya ɗauko injin ban-ruwan da ya riga ya ajiye, ya jona masa babban tiyon da yake shayar da shinkafa. Lokacin da na kai masa fura, na tarar da manoma da masunta sun yi da'ira. Ya zazzage omo a kujerar har ta yi fari, yana riƙe da bakin tiyo yana yi musu bayani.

"Masu wankin Sakkwato da ɗan siririn tiyo suka yi, awa mai ba kaza ruwa. Ku tsaya ku gani. Mode, ja igiya!"

Mode ya ce, "Ka yahe min tun yanzu?"

"Ja!"

Mode ya ja. Injin ya yi tari ya kama. Tiyon ya kumbura, ruwan ya fito, ya daki jinginar kujerar ya dawo ya daki Malam a ƙirji. Ya zauna a ƙasa. Tiyon ya ƙwace ya shiga motar shi kaɗai yana bulala, ya wanke rufi, ya wanke sitiyari, ya fito da albasa ta taga. Kumfa ta riƙa fitowa ta kowace ƙofa. Hular Malam ta bi ruwa ta nufi gulbi. Yana ihu a kashe, Mode yana ihu yana tambayar ina ake kashewa.

Kafin a kashe, ƙasar da ke ƙarƙashin motar ta zama laka. Muna tsaye muna kallo ta nutse a hankali har cikinta ya taɓa ƙasa. Wani tsoho masunci ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya ce, "Malam Yari, in ka ƙare ka ba mu aron ta mu jehwa taru."

Shanun huɗa ne sunka jawo ta. Da ikon Allah, bayan ta wuni a rana, ta tashi.

Ranar tafiya saman kujerar ya bushe, ya yi launin bayan jaki. Amma soson da ke ciki ya ƙoshi. In ka danna da yatsa sai baƙin ruwa ya taso ya kewaye yatsan. Na kawo babbar leda na ce a shimfiɗa. Malam ya shimfiɗa, ya zauna don gwaji, ledar ta yi ƙara. Ya motsa, ta sake yi.

"Cire. Baba na jin wagga, shi tambaya."

"In ba leda, rigarsa za ta sha."

"Ke ba ki san yadi ba."

Ya kawo buhunan taki da babu komai a ciki ya jera. Kowa ya san buhun taki saƙa ne, ruwa yana bi. Na buɗe baki, ya ce buhu daban taki daban. A kai ya shimfiɗa farin zanen gadona mai furanni, wanda na zo da shi gidan aure. Ya yi wa motar turaren wuta har ba a ganin sitiyari. Munka kama hanyar Sakkwato.

Baba ya fito cikin alhazai da farar jallabiya, fara sol, da makawiya a ka. Malam ya durƙusa ya yi masa barka da sauka, ya yi wuf ya buɗe ƙofar gaba. Baba ya wuce ta kamar bai gani ba.

A wajenmu miji ba ya doguwar magana da uban matarsa, ko ido ba sa haɗawa, balle ya ce masa zauna nan kar ka zauna can. Malam ya matso kusa da ni, bakinsa bai motsa ba ya ce, "Hwaɗa mai."

Na ce, "Baba, gaba ta fi iska."

"Shiga ki sha iskar. Ni da zamzam ɗina muna baya."

Ya zauna a wurinsa. Kujerar ta yi wata 'yar ƙara kamar an taka bakin rijiya. Malam ya rufe ido ya buɗe, ya tayar da mota.

Don kar kujerar ta matsu, ya riƙa tafiya a hankali yana kauce wa kowane rami. Masu babur suna wuce mu, har wani mai amalanke ya yi mana sannu. Baba ya jingina sosai ya miƙe ƙafa.

Can ya ce, "Mi ka wari haka?"

"Turare na, Baba."

"Turaren tahwarnuwa?"

Munka ci gaba. Da munka kusa Rabah, Baba ya gyara zama ya yi ajiyar zuciya.

"Amma kujerar ga ta yi daɗi. Tun Jidda ban samu wuri mai sanyi awa wanga ba. Wa yag gyara ta?"

Na kalli Malam. Na ga alfahari yana taso masa tun daga wuya. Na taka masa ƙafa, bai ji ba.

"Ni na, Baba. Da hannuna. Wata dabara ta da nig gani Ikko."

"Madalla. Allah shi yi albarka."

Ƙofar gidanmu na Rabah ta cika. Liman yana nan, mai unguwa yana nan, dattawa sun sha fararen kaya. Har Mode ya biyo mu a babur, ya samu inuwa can nesa ya tsaya. Al'adarmu, sabon alhaji ba ya shiga gida sai kowa ya rungume shi don neman albarkar inda ya fito, sannan ya yi wa jama'a addu'a.

Baba ya fito yana fuskantar mutane. Ta gaba fari ne tas. Ni da na fito ta bayansa na ga sauran. Daga kafaɗa har ƙwauri baƙi ne mai sheƙi, kuma furannin zanen gadona sun fito a jiki ɗaya bayan ɗaya. Na kira shi, guɗar mata ta danne muryata.

Liman ya fara runguma, ya bubbuga bayansa da hannu biyu. Mai unguwa ya biyo. Dattawa sunka biyo, kowa ya rungume ya shafa ya matsa. Baba yana ce musu, "Ku gode ma surukina, shi yad ɗauko ni cikin sanyi." Sannan ya ɗaga hannu ya fara addu'a, kowa ya ɗaga. Na ga wasu sun ƙura wa tafin hannunsu ido. Amma Alhaji yana tsakiyar addu'a, ba mai katse shi, kuma da ya ce Fatiha hannu ya riga ya saba. Gaba ɗaya sunka shafa fuska.

Kowa ya sauke hannu.

Liman ya juya ya dubi mai unguwa. Farin gemun Liman kansa ya koma baƙi kamar na saurayi. Ya ce, "Mai unguwa, mi yas samu huskarka?"

"Abin da nika shirin tambayarka ke nan, Liman."

Baba ya bi fuskokin da kallo. Ya jawo bayan jallabiyarsa ya duba. Ya taka zuwa motar, ya ɗaga zanen gadon, ya zaro buhun taki ya aza a kan but. Ya sunkuya ya laluba ƙarƙashin kujera, ya fito da yankin albasa ya aza. Ya sa hannu a aljihun ƙofa, ya fito da kashin awaki ya aza. Ya sake lalubawa ya fito da ɗan ƙaramin kifi, ya juya shi, ya rasa inda zai sa shi, ya miƙa wa mai unguwa.

Malam yana durƙushe ba takalmi, kansa a ƙasa.

Baba ya ce, "Albasa. Awaki. Taki." Ya dubi hannunsa. "Ban ce mai ba. Wanga laihina na."

Malam ya ɗago kaɗan. Muryarsa ta fito siririya. "Baba, wanga ai... ƙaramin abu na."

Liman ne ya fara dariya, har ya dafa mota. Daga nan ba wanda ya iya tsayawa. Mode yana can ƙarƙashin bishiya da fuskarsa tas, yana nuna mutane ɗaya ɗaya yana kiran sunayensu. Baba bai yi dariya ba. Ya zare makullin daga jikin mota ya sa a tafin Malam.

"Tahi da ita. Ran da kag gama wanki ka maido."

Bai gama ba. Kowace Juma'a da sabuwar dabara: kanwa, lemun tsami, farar ƙasa, har toka da ruwan zafi. In Baba ya zo Wurno a motar haya, sai ya tsaya ya leƙa ta taga ya ce, "Da saura," Malam ya ce, "Kaɗan, Baba."

Bayan girbin shinkafa ciwon ƙirji ya kama shi. A motar munka kai shi asibiti Sakkwato, ƙanensa yana tuƙi. Na shimfiɗa leda a kujerar baya munka kwantar da shi, kansa a cinyata. Da ledar ta yi ƙara ya buɗe ido ya ce, "Ashe ba ki jehwar da ita ba." Ya ga ina kuka, ya kama hannuna.

"Bari, Bara'atu. Wanga ƙaramin abu na."

Bai dawo ba.

Da na fita takaba na aika wa Baba makullinsa. Washegari sai ga shi da kansa. Ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya ya daɗe. Ya goge ido da bakin rawani, ya ce tafarnuwar ce har yanzu. Sannan ya ajiye mini makullin a kan tabarma.

"Bai gama wanki ba. A bar ta nan."

Tana nan a ƙofar gida. Awakin Turai suna kwana a inuwarta.

Wanda duk ya karanta wannan, ko ya yi dariya ko bai yi ba, ina roƙon ya taya ni da amin. Allah ya jiƙan Malam, ya wanke shi wankin da babu saura, fari tas gaba da baya. Allah ya sa duk abin da ya tarar a can ya zame masa ƙaramin abu. Amin.